Inda Kunu Ke Kwana

Gardama ce ta jawo tafiyar. Wata ranar Juma'a a Kano, bayan an sauko daga masallaci, wani malamin sakandare ya leƙa gidan ƙanwarsa ya tarar da 'ya'yanta uku sun kaure da musu a kan gorar kunun zaƙi. Babbar, 'yar shekara 13, ta ce da gero ake yin sa, daga nan ta yi shiru don iyakar saninta ke nan. Na tsakiya ya rantse ruwa ne da sukari da kala. Auta, ɗan shekara shida, shi ya yanke hukunci: daga cikin kula yake fitowa, ya gani da idonsa a ƙofar makarantarsu.

Kawu bai ce musu uffan ba. Yana da gwaggo a Tudun Wadan Zariya wadda da kuɗin kunu ta yi wa 'ya'ya mata huɗu kayan ɗaki. Da aka ba da hutun Disamba sai ya je ya roƙi aron yaran na kwana uku.

Hanyar Kano zuwa Zariya kimanin kilomita 150 ce, kuma a wannan lokaci na shekara duk kasuwa ce. Bayan Kura an gama yankan shinkafa, buhuna jibge a bakin kwalta. A Kwanar Dangora 'yan talla suka yi wa motar ƙawanya. Da aka shiga ƙasar Makarfi, wajen Tashar Yari, sai rake ya karɓi hanya, dami-dami a jingine, ga hayaƙin masu dafa mazarƙwaila yana cuɗanya da hazo can cikin fadama. Kawu ya sayi curi biyu don tsarabar Gwaggo. Kafin a kai Kwangila a Zariya Auta ya gaggatsi ɗaya. Daga nan suka hau keke napep ta PZ, suka tsallake layin dogo, suka haye gadar Kubanni, inda rani ya fara janye ruwa masu lambu suka bi gaɓa da shukarsu. Ana hawowa daga gadar, ga Tudun Wada.

Wanda bai san Zariya ba yakan ɗauka gari ɗaya ne. Aƙalla uku ne, kuma zuwan Turawa ne ya jera su haka. Akwai Birni a cikin ganuwa, inda fadar Sarkin Zazzau take, da masallacin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Da layin dogo ya ratsa ta nan ya isa Kano a 1911, sai aka yanka Sabon Gari kusa da tasha don ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga Kudu. Tudun Wada kuwa, tsakanin Ƙofar Doka da Kubanni, aka ware ta ga baƙi 'yan Arewa waɗanda ba Zazzagawa ba: Kanawa, Katsinawa, Nufawa, Barebari, malamai da masinjoji da leburori. A nan gefen aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, gidan da ya riƙa buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da Abubakar Imam ya riƙe tun fitowarta a 1939. Abin sha ma wannan taswira ya bi. Gwamnatin Lugga ta hana sayar wa 'yan ƙasa barasar ƙetare a Arewa, sarakuna kuma ba su lamunci giya a biranensu ba, don haka mashaya ta sami wurin zama a hayin Sabon Gari da kewayen bariki. Tudun Wada, da yake garin baƙi ce, ta ɗanɗani halin kowane ɓangare, amma abin da ya cika lungunanta a yau shi ne kula da jarka: kunu, zoɓo, lamurje, fura.

Ita kanta Gwaggo Bakanuwa ce, aure ya kawo ta tun tana yarinya, har harshenta ya koma na Zazzagawa. Tun daga zaure ta fara: "Lale da bayin Zage-zagi! Wannan kishiyan nawa ne ta yi tsawo haka?" Yaran suka fashe da dariyar "kishiyan", ita kuwa ko a jikinta. Ta ja Auta ta zaunar a cinya, ta ce maigida ya zo hannu rabbana, ko cefane babu, sai ragowar mazarƙwaila mai shaidar haƙori.

Sai da aka ci tuwo aka yi la'asar sannan ta kai su inda sana'ar take farawa. A kusurwar tsakar gida, gefen rijiya, akwai buhun algarara a shimfiɗe, jiƙe sharkaf, an rufa masa wani. Ta ce wa na tsakiya ya ɗaga. Ya ɗaga, ya ja da baya. Dawa ce, amma kowace ƙwaya ta fito da farar saiwa siririya kamar zaren ɗinki, sun sarƙe da juna har sun zama tabarma. In ka tura hannu ciki sai ka ji ɗumi irin na ƙarƙashin kaza mai kwanci, ga wani ƙamshi kamar na ɗanyen gurji. Tsiro ke nan. An jiƙa dawar yini da kwana, an tsame, an baza a buhu, ana yayyafa mata ruwa safe da yamma, yau kwananta uku. Gobe za a shanya ta. Can a kan rufin ɗakin girki akwai ta makon jiya, ta bushe ƙayau.

Gwaggo ta ba kowane yaro ƙwaya biyu, ɗaya daga buhun dawa, ɗaya daga busasshen tsiro, ta ce a tauna. Ta farko tauri kamar tsakuwa, salam. Ta biyu ta ruguje a baki, ta bar ɗan garɗi da zaƙi a bayan harshe.

"Kaka, kin sa mata sukari," in ji na tsakiya.

"A gidan wa? Ita ta yi abinta."

Nan malantar Kawu ta motsa. Ya ce ƙwayar hatsi rumbu ce: cikinta sitaci ne da aka ajiye wa ɗan tsiron da zai fito, amma tsiron ba ya iya cin sitaci sai an mai da shi sukari. Da ƙwayar ta ji danshi sai ta ɗauka damina ta faɗi, ta saki wasu sinadarai masu yanka sitacin gunduwa-gunduwa har ya zama sukari. Mai kunu yaudarar ƙwayar take yi da ruwan rijiya a tsakiyar hunturu. Da sinadaran sun fito, kafin tsiron ya cinye guzurinsa, sai ta shanya shi a rana, aiki ya tsaya cak, sinadaran su kwanta suna jira. Gwaggo ta saurara har ya dire, sannan ta ce, "To, ɗan nan, wannan ne aka tura ka jami'a ka koyo? Da ka zo nan, da kuɗin makarantan ya huta."

Akwai inda ba ta wasa. Ta zaunar da babbar yarinyar da faifai, ta sa ta murje busasshen tsiron da tafin hannu har saiwoyin da 'yan ganyen suka karye, aka fece su tas. Ta ce suna sa ɗaci, kuma suna sa ciwon kai. Kowane makiyayi ya san gyauron dawa yana kashe saniya, kuma dalilin ɗaya ne: ɗanyen tsiron dawa yana ɗauke da guba dangin wadda ke cikin rogo mai ɗaci, kuma a saiwa da toho ta fi taruwa. Wasu masu kunun sun fi son tsiron shinkafa, wasu su dogara da busasshen dankalin Hausa kawai. Gwaggo tana haɗa dankalin da tsiro, ta ce kowanne da aikinsa.

Geron kuwa tun asuba yake cikin ruwa. Tiya shida ne, awon da yaran ba su saba ji ba don su kwano suka sani. Aka wanke, aka rege tsakuwa, aka zuba citta da kanumfari da masoro, aka raba bokitai zuwa wurin markaɗe. Babu wuta, sai injin mai ke ta tari, layin mata da yara ya kai bakin lungu. Kowa maganarsa ɗaya: tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin markaɗe bai sake sauka ba. A shekarar ce kuma wata cuta ta faɗa wa gonakin citta a Kachia da kewayenta, inda mafi yawan cittar ƙasar nan ke fitowa, har ta zama abin da ake sayen ƙwaya-ƙwaya. Gwaggo ta ce a lokacin ta gwammace ta rage yawan kunun da ta rage masa citta, don mai saye yakan yafe tsada amma ba ya yafe lami.

Bayan isha'i aka zo wurin da ya biya kuɗin motar. Ta raba ƙullun, kashi biyu a babban baho, kashi ɗaya a gefe, wanda ta haɗa da markaɗaɗɗen tsiro da dankali. Ruwa na tafasa a tukunya a kan murhu, ta sheƙa shi cikin babban bahon tana juyawa da muciya, nan take ƙullun ya kama, ya yi kauri kamar talge, har muciyar ta iya tsayawa da kanta. Sai ta janye kujera ta zauna. Yaran suka ƙosa. Ita kuwa lokaci-lokaci takan tsoma ɗan yatsa ta cire, ta girgiza kai. In aka zuba tsiro cikin tafasasshen abu ya mutu, in aka bari ya huce sarai ya yi ƙyuya. Littafi ya ce digiri 60 zuwa 70 ake nema, yatsan Gwaggo bai san lamba ba amma bai taɓa kuskure ba. Can ta ce "Bismillahi", ta juye ɗanyen kashin a ciki, ta miƙa wa na tsakiya muciyar.

Da hannu biyu ya fara, yana nishi. Kafin minti biyar muciyar ta fara tafiya da sauƙi. Kafin goma, abin da ɗazu ya tsaya kamar tuwo ya saki, ya tsinke, yana zuba daga ludayi kamar madara. Yaron ya duba ƙarƙashin bahon, ya duba hannun Gwaggo, yana neman ta inda ruwa ya shiga. Ba a ƙara ko ɗigo ba. Auta ya lakata ya kai baki, ya zaro ido. Aka rufe bahon da faranti da tsumma mai tsabta, Gwaggo ta ce kowa ya tafi ya kwanta, shi ma kunun kwana zai yi.

Cikin daren wasu ma'aikatan suke karɓar aiki, ƙwayoyin halitta irin waɗanda ke mai da madara nono. Su ke kawo ɗan tsamin nan da ke sa kunu ya kashe ƙishi maimakon ya gundure. Da asubar Talata, sanyi na yanka hannu, aka tace shi da farin ƙyalle, mutum biyu na riƙe da gefe, ɗaya na matsa. Dusar ta tafi wurin awaki. Sukarin da aka ƙara bai taka kara ya karya ba, kuma Gwaggo ta ce a gidan da ta koya ko shi ba a sa wa, zaƙin da ke cikin sunan na tsiro ne. Kafin rana ta fito an cika kula uku da jarka biyu, mai ƙanƙara ya kawo rabonsa.

Doka ɗaya gare ta, kuma ta maimaita ta sau uku a gaban yaran: kunu baƙon yini ɗaya ne. Abin da ya rage bayan magariba sadaka ne, almajiran unguwa sun san lokacin. Wanda ya kwana babu ƙanƙara, kwata. Babbar yarinyar ta tambayi dalili, Gwaggo ta ce, "Juyawa yake yi, kishiya," ba ta ƙara ba.

Yinin Talata a kasuwar Tudun Wada ya ƙare. Disamba lokacin sabon kaya ne: sabon gero, sabuwar dawa, zoɓon bana mai duhun ja wanda bai sha ƙurar rumbu ba, tsamiya tana shirin shigowa. Masu sana'ar abin sha suna jiran wannan lokaci kamar yadda tela ke jiran azumi, kuma kowace tana da abin da take fitarwa sabo don ta janye masu saye: wannan ta sa ɓawon abarba a zoɓo, waccan ta haɗa shi da kokwamba, wata ta yi kunun aya da dabino da kwakwa ta liƙa wa gorar takarda mai sunanta da lambar waya, tana tallarsa a WhatsApp. Yaran suka ɗanɗana har cikinsu ya ɗauka. Kawu ya gaya musu cewa zoɓon nan da ake rainawa, tirela-tirela ake lodinsa daga Jigawa da Kano zuwa tashar jirgin ruwa, Meziko ke saye don su ma abin shansu ne. Ayar da ake nomawa a ƙasar Maraɗi kuma har Sifen take kaiwa, inda mutanen Balensiya ke yin nasu kunun ayar suna alfahari da shi.

Akwai abin da ba ya daɗin gani, kuma ɓoye shi ba taimakon sana'ar ba ne. Galibin gorunan nan na ruwan roba ne da aka sha aka yar, yara suka tsinto daga wurin biki da tasha suka sayar. Gwaggo da ruwan zafi da omo take wanke nata, tana kifewa a rana, amma ba kowa ke wannan wahala ba, kuma mai saye ba shi da hanyar ganewa. Ga kuma 'yan matan da ke ɗauke da kula a ka da hantsi, sa'o'in babbar yarinyar, waɗanda hutu da ba hutu ba duk ɗaya ne a wurinsu. Yarinyar ta lura da wannan da kanta, ta yi shiru har suka koma gida.

Ranar Laraba Kawu ya ɗauke su zuwa Samaru, kan hanyar Sakkwato. Abin da yake so su gani ba ginin jami'a ba ne, gonakin Cibiyar Binciken Aikin Gona ne, wadda ta faro a 1922 a matsayin tashar gwajin noma, aka haɗa ta da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. An riga an yi girbi, sai karan dawa a tsaye da ƙananan alluna masu lamba a bakin kowane fegi. Duk irin da ya fito daga nan da sunan Samaru yake fita: dawa SAMSORG, masara SAMMAZ, wake SAMPEA, gyaɗa SAMNUT. A cikinsu akwai wata gajeriyar kaura mai lamba SK 5912, wadda labarinta ya haɗa tsakar gidan Gwaggo da manyan masana'antu.

A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje. Da shi kamfanonin giya da na lemon malt suke aiki, tun daga Nigerian Breweries, wanda ya fitar da kwalbar Star ta farko a Legas a 1949, ya buɗe masana'anta a Kakuri ta Kaduna a 1963, ya kuma kawo Maltina a 1976. Dole ta sa suka waiwayi dawa, kuma gajeriyar kaurar Samaru na cikin waɗanda suka fi karɓar aikin. Injiniyoyi suka zauna suna koyon abin da matan ƙauye suka gada: awa nawa za a jiƙa, yaushe za a juya, yaushe za a busar. Daga baya an ɗage hanin, amma dawa ta riga ta sami gindin zama, har yau kamfanonin suna saye daga manoman Arewacin Nijeriya, ƙasar da ke noma tan miliyan 6 da ɗoriya a shekara. Kawu ya saya musu lemon malt a wani kanti, ya ce su karanta abin da aka rubuta a jikin gwangwanin. Na tsakiya ya kurɓa, ya tsaya, ya ce yana jin ɗanɗanon ƙwayar nan ta Kaka.

A hanyar dawowa mai keken ya yanke ta wata unguwa a bayan gari don kauce wa cunkoso. Tun kafin su ga komai hancinsu ya gaya musu: ƙamshin ɗakin girkin Gwaggo ne sak, sai dai ya fi nauyi, da wani tsami mai hawa kai. Ta kan wata gajeriyar katanga suka hango rabin duro-duro a jere a kan wuta, baƙi ƙirin da hayaƙi, wata mata tana juyawa da itace mai tsawon mutum, ga jan tsiro an shanya a kan leda ya cika fili.

"Kawu, ga masu kunu! Mu sauka mu gani," in ji Auta.

Mai keken ya yi dariya ya ƙara mai. Kawu ya ce ba za a sauka ba, gidan burkutu ne.

Da wani ne, da nan maganar ta mutu da tsawa. Shi kuwa ya ga yaran sun riga sun riƙe rabin amsar a hannu, don haka ya cika musu. Mai burkutu da tsiro take farawa kamar Gwaggo, sai dai ita tsiron ne gaba ɗayan hatsinta. Takan niƙa, ta dama, ta dafa, ta bari ya yi tsami, ta sake dafawa na sa'o'i, sannan ta zuba masa ragowar tsohon burkutu ta bar shi kwana biyu. A cikin ragowar nan akwai yis, dangin wanda ke tayar da burodi, shi ke cinye sukarin ya mai da shi barasa da iska. Kusan mako guda aikin ke ci. Sana'a ce tsohuwa, ta mata, kuma ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa: Maguzawan Kano da Katsina da arewacin Zazzau da giyar dawa suke gayya da biki tun kaka da kakanni, haka al'ummu da yawa na kudancin Kaduna da Filato. A Gana ana ce mata pito, a Burkina Faso dolo. Mata da yawa da ita suke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu, kamar yadda Gwaggo ta yi kayan ɗaki da nata bahon.

Babbar yarinyar ce ta haɗa lissafin. Ta ce, ashe abin da Kaka ke nufi da juyawa ke nan. Kawu ya ce shi ne: yis yana cikin iska da jikin hatsi, ba sai an gayyato shi ba, in aka bar masa kunu mai zaƙi a wuri mai ɗumi zai fara aikinsa ko mai kunun ta so ko ta ƙi. Ya tuna musu abin da ya zo a Sahihu Muslim, cewa akan jiƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi a ruwa, ya sha a ranar da washegari har yammacin rana ta uku, abin da ya rage a bayar ko a zubar. Malamai sun daɗe da sanin cewa tsakanin jiƙo mai daɗi da abin maye akwai sa'o'i da ake ƙirgawa.

Makwabtakar kunu da giya ma tana da tarihi a barikin soja, kuma Zariya garin bariki ce, tun da nan ake horar da kuratan sojan ƙasa. Labarin da aka fi sani game da sunan kasuwar mami shi ne na Mammy Ochefu, matar wani soja, wadda ta fara sayar da kunu a barikin Inugu a 1959. Rumfar kunu ce ta haifi kasuwar da yau aka fi saninta da kwalba.

A Amurka da Ingila ƙananan masana'antun giya sun zama wurin fita da iyali, ana ajiye wa yara lilo da lemo, iyaye na ɗanɗana sabon abin da aka fitar a wannan wata, jama'a kuma na ta muhawara a kan dacewar haka. Salon ya iso Nijeriya ma: akwai wani ƙaramin kamfani mai sunan Hausa, Bature Brewery, da ya faro a Abuja a 2017 kafin ya koma Legas, har zoɓo ya sa a cikin wata giyarsa. A Tudun Wada wannan muhawara ba ta da wurin zama, ba mai kai ɗansa mashaya. Amma hana yaro shiga daban, hana shi sani daban, kuma a ganin mai wannan rubutu Kawu ya yi daidai da ya raba biyun. Yaron da aka ce wa "kul" kawai yakan girma yana ɗaukan abin wani sihiri ne a bayan katanga. Waɗannan uku sun ga duro, sun ga tsiro, sun san dawa ce da wuta da kwanaki.

Da daddare Auta ya kai wa Gwaggo rahoto cewa sun ga masu kunun da ba a sauka a wurinsu. Ta dubi Kawu ta gefen ido, ta ce, "Malam, har can ka kai mini maigida?" Ya ce mai keke ne ya bi da su. Ta ce to, ai gara ya gani da kawunsa da ya gani da abokai. Ta ƙara da cewa akwai wata mai burkutu da suke haɗuwa wurin mai dawa shekara da shekaru, su gaisa, su yi ƙorafin tsada tare, kuma ba wanda ya kai matar nan iya zaɓen dawar da za ta tsira. In ta ga ta ɗebi wani buhu ta tauna ta ajiye, ita ma ba ta saye.

Ranar Alhamis da hantsi suka kamo hanya, da ƙullin busasshen tsiro da babbar yarinyar ta roƙa, da tiya biyu na gero, da gargaɗin kada a zuba tsiro sai yatsa ya iya jurewa. Hazo ya ɗaga, rana ta buɗe, motar ta yi zafi. Sun wuce Tashar Yari ke nan na tsakiya ya ce wani abu na kuka a jakar Auta. Aka saurara. Wani siririn tsaki ne, ssss, ba ya yankewa.

A Kwanar Dangora direba ya tsaya shan mai, Kawu ya zazzage jakar. Ƙarƙashin kayan sawa ga gorar kunu, ta kumbura tam har gindinta ya turo, ta kasa tsayawa a ƙasa. Auta ya amsa laifinsa: tun asubar Talata ya ɓoye ta, tsarabar Umma ce, don ta sha irin wanda shi ya taya tacewa. Kawu ya matsa gefen titi, ya miƙe hannu nesa da rigarsa, ya murɗa murfin a hankali. Kumfa ta yi tsiri ta wanke masa yatsu, warin unguwar jiya ya tashi, har wani fasinja ya leƙo ta taga yana tambayar me malam ya ɗauko. Babbar yarinyar tana ƙirgawa da yatsu, ta ce awa hamsin da biyar. Kawu ya tuttular da shi a gindin wata dalbejiya, ya ɗauraye hannu da ruwan leda, Auta na tsaye yana kallon ƙasa tana shanyewa, ido ya kawo ruwa. Yayarsa ta ɗaga masa ƙullin tsiron, ta ce in sun isa shi zai jiƙa geron. Direba ya danna ham, suka koma mota.